Makarantar zane, kiɗa da wasan kwaikwayo a New York: bayani ga iyayen Damagaram

Da na zo gida hutu, wata gwaggota a Birni ta sa aka kira ni bayan la'asar. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta miƙo mini salula, ta ce in saurari saƙon jikarta da ke Bronx. Yarinyar na murna, wai malamarta ta ga zanenta ta ce ta nemi LaGuardia. Gwaggo ta ce, "Ɗan nan, an ce makarantar makaɗa ce. Mu da ba mu gaji roƙo ba, a tsallake teku da yarinya a kai ta koyon kiɗa?"

Na fahimce ta sarai. A wajenmu algaita da kakakin ƙofar fada gado ne, akwai gidajensu. Amma abin da ake nufi can daban yake, kuma na ga iyaye da dama sun hana ɗa wata dama tun ba su san mece ce ba. Shi ya sa nake rubuta wannan ga masu shirin tafiya da yara, da waɗanda ba su daɗe da sauka ba.

LaGuardia lise ce ta gwamnatin birni, ba a biyan ko dala. Tana kan titin Amsterdam a Manhattan, daf da cibiyar wasannin fasaha ta Lincoln Center. Sunan tsohon magajin garin New York ne, Fiorello LaGuardia, wanda ya kafa makarantar kiɗa da zane a 1936. Daga baya aka haɗe ta da wata ta wasannin dandali, suka koma gini ɗaya a 1984. Tana cikin makarantu 9 na musamman na birnin. Sauran 8 da jarrabawar SHSAT ake shigarsu. Ita kuwa gwajin basira ake yi, a kuma duba sakamakon yaro na aji.

Wannan duba sakamakon shi ne abin da na fi jaddada wa gwaggo. Yaro zai yi lissafi, kimiyya, tarihi da Ingilishi kamar kowa, ya zauna jarrabawar Regents ta jiha, ya fito da takardar da za ta kai shi jami'a. Horon fasaha ƙari ne a kan wannan, sa'o'i a kowace rana. Saboda haka yini ne mai tsawo, ga aikin gida, ga maimaici idan wasa ya gabato. Malalacin yaro ba ya jurewa.

Sassa shida ne: zane, waƙa, kayan kiɗa, rawa, wasan kwaikwayo, da aikin bayan dandali. Na ƙarshen nan mutanenmu ba su cika saninsa ba, ni kuwa shi na fi so a duba. Haɗa fitilu ne da na'urorin sauti, kafinta, ɗinkin kayan ƴan wasa. Yaron da ya tashi yana kwance rediyo yana ɗaurawa, ko yarinyar da ta zauna gefen keken ɗinkin uwarta, nan wurinsu ne, kuma sana'a ce da ake ci da ita.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai inda za ku yi tunani. A sashen rawa ana sa matsattsun kaya, maza da mata suna horo tare. A wasan kwaikwayo yaro na iya samun rawar da ba ta dace da tarbiyyar gidanku ba. Zane da aikin bayan dandali ba su da wannan damuwa sosai. Ku je ranar da ake buɗe wa iyaye ƙofa, ku gani da idonku, ku yi tambaya a kan lulluɓi da wurin salla. Idan Ingilishi bai zauna ba, ku nemi tafinta, hakkinku ne kuma kyauta ne. Ranakun Salla ƙarama da babba, idan sun faɗo ranar karatu, makarantun birnin na rufewa tun shekarar karatu ta 2015.

Inda aka fi yin asara shi ne lokaci. Mu mun saba sai yaro ya ci BEPC a tura shi lise. Can tun yana aji 8, daidai da katiriyam ɗinmu, ake nema, ta shafin MySchools, daga kaka zuwa wajen farkon Disamba, amsa ta fito a Maris. Ɗan aji 9 yana da dama guda ta shiga aji 10, daga nan ƙofa ta rufe. Wanda ya sauka bayan an rufe nema, ya nufi Family Welcome Center na yankinsa, wato ofishin rajistar ɗalibai, ya tambayi gwajin sababbin zuwa. Dole yaro ya kasance mazaunin birnin, don haka a adana takardar haya da ta wuta.

Tun kuna Zinder ku karɓi takardun sakamakon yaro na shekaru biyun ƙarshe, da hatimin darakta, kada ku bar wa wani ya aiko daga baya. Idan mai zane ne, ku zuba zanensa cikin jaka, har wanda ya yi a bayan kayen lakwal, domin tarin aikinsa za a nema. Mai wasan kwaikwayo zai haddace gajerun jawabai, mai waƙa ya shirya waƙa. Ana iya gwada sashe fiye da ɗaya, kuma neman LaGuardia ba ya cinye gurbi a jerin sauran makarantun da kuka zaɓa.

Masu nema suna da yawa ƙwarai, gurabe kaɗan. Kada a ɗora wa yaro rai a kanta ita kaɗai. A Bronx akwai Fordham High School for the Arts, a Queens akwai Frank Sinatra School of the Arts, duk na gwamnati.

Gwaggo ta yi shiru, sannan ta ce in gaya wa uban yarinyar ya je ya duba da kansa. Ta tashi ta buɗe akwati ta ciro wani tsohon kaye, shafukansa cike da zanen ƙofofin Birni da yarinyar ta yi kafin su tafi, ta ce in sa a kayana.