Yadda Ake Aikin Rukuni a Kan Littafin Wanda Ya Ɓata a Daji

Malami ya raba ajinku gida-gida, ya miƙa wa rukuninku littafi: labarin wani da ya tsinci kansa shi kaɗai a ƙungurmin daji, ko a tsibiri, ko a tsakiyar hamada, yana fafutukar tsira da ransa. An ba ku mako uku ko huɗu ku karanta, sannan ku fito gaban aji ku gabatar. Abin da akasarin ɗaliban sakandare ke yi shi ne su yayyanka littafin babi-babi, kowa ya taƙaita nasa, ranar gabatarwa su jeru suna karantawa daga takarda, 'yan aji suna hamma. Wannan yana ba ni takaici, domin irin wannan littafi ya fi ƙarfin taƙaitawa. A kusan kowane babi akwai shawarar da rai ya rataya a kanta: ya tsaya ko ya tafi, ya sha ruwan nan ko ya haƙura, ya fara neman abinci ko mafaka. Aikinku shi ne ku auna waɗannan shawarwari.

Mataki na 1: Kowa ya karanta littafin daga bango zuwa bango

Aiki ake rabawa, ba a raba littafi. Wanda ya karanta babi na tara kawai ba zai gane me ya sa jarumin ya fashe da kuka da ya ga hayaƙi ba, tunda bai ga kwanakin da ya shafe yana murza itace ba. Ku ƙirga shafuka ku raba da kwanaki: littafi mai shafi 200, a kwana 10, shafi 20 ke nan a kullum. Kowa ya riƙe ɗan littafin rubutu, duk inda jarumin ya yanke wata shawara ya rubuta abu huɗu: lambar shafi, kwana na nawa ne a dajin, me ya yanke, me ya biyo baya. Lambar shafin nan kada a raina ta. Ita za ta raba gardama in an zo zama.

Mataki na 2: Ku tsayar da tambaya ɗaya

A zaman farko kowa ya karanto abin da ya rubuta. Za ku ga akwai wurare biyu ko uku da kowa ya tsaya a kansu, kuma ba ku yarda da juna ba. To, nan aikin yake. Ku mai da saɓanin tambaya wadda mutum biyu masu hankali za su iya jayayya a kanta. "Me ya faru a littafin?" ba tambaya ba ce, kowa ya sani. Amma "Dabara ce ta cece shi ko sa'a?" tambaya ce. Haka nan "Wanne ya fi galabaitar da shi, yunwa ko kaɗaici?" Ku zaɓi ɗaya, ku rubuta ta a saman kowace takarda. Duk abin da bai taimaka wajen amsa ta ba, komai daɗinsa, a ajiye shi gefe.

Mataki na 3: Ku gwada littafin da abin da aka sani na gaskiya

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin, kuma a nan ya kamata ku fi ɓata lokaci.

Masu koyar da dabarun tsira suna da wani lissafi na uku-uku da ake haddacewa: mutum yana iya jure kimanin minti 3 ba numfashi, awa 3 cikin matsanancin sanyi ko zafi ba mafaka, kwana 3 ba ruwa, mako 3 ba abinci. Ƙiyasi ne, ya danganta da jiki da yanayi, amma yana nuna abin da ya kamata a fara da shi. Ku duba jaruminku. In ya shafe yinin farko yana farauta alhali bai san inda zai kwana ba, ya yi kuskure, ko da marubucin ya bar shi ya tsira.

Sai batun sanyi. Zafin jikin mutum yana wajen digiri 37 ne a ma'aunin Selshiyos. Da ya sauka ƙasa da 35, an shiga haɗari: karkarwa, harshe ya karye, tunani ya rikice. Jiƙaƙƙen tufa yana gaggauta wannan, domin ruwa yana kwashe ɗumin jiki fiye da iska nesa ba kusa ba. Idan jarumin ya tsallake kogi da yamma ya kwanta da kayansa a jiƙe ya tashi garau, kun sami abin faɗa.

Ruwan sha ma haka. Tafasa ruwa na minti 1 yana kashe ƙwayoyin cuta, a kan duwatsu masu tsayin da ya haura mita 2,000 kuma minti 3. Ruwan teku kuwa, kowace lita tana ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri, ƙoda ba za ta iya fitar da shi ba sai ta zuƙe ruwan jiki, shi ya sa mai shan sa ƙishirwa ke ƙaruwa masa.

Gane alƙibla wuri ne da marubuta kan yi tuntuɓe. Tauraron arewa ba a ganin sa sosai sai a arewacin layin da ya raba duniya biyu. Labarin da aka gina a Ostireliya, in jaruminsa ya bi wannan tauraro, akwai gyara. A wani bincike da aka wallafa a 2009, masana na cibiyar Max Planck a Jamus sun sa mutane tafiya a wani daji na ƙasarsu da kuma cikin Sahara, suna bin sawunsu da na'ura. Waɗanda rana ta ɓace musu sun riƙa kewayawa suna dawowa kan sawunsu, alhali sun yi imani miƙe suke tafiya. Saboda haka in jaruminku ya dawo gindin bishiyar da ya baro da safe, marubucin ya faɗi gaskiya, ku yaba masa.

Daga nan ku nemo labari ɗaya na zahiri ku jera shi da na littafin. A ranar 24 ga Disamba, 1971, jirgin sama ya faɗi a dajin Amazon na ƙasar Peru. Juliane Koepcke, mai shekara 17, ita kaɗai ta rayu. Ta tuna abin da mahaifinta ya koya mata, cewa ƙorama tana kaiwa ga kogi, kogi kuma ga mutane. Ta bi ruwa, aka same ta bayan kwana 11. A 2023 kuma, yara huɗu 'yan gida ɗaya a Kolombiya, babbarsu mai shekara 13, ƙaramarsu ba ta cika shekara ba, sun yi kwana 40 a daji bayan haɗarin jirgi, kuma sanin da suke da shi na 'ya'yan itatuwan dajin ya taimake su ƙwarai. Ku lura, a duka biyun ilimin da aka samu tun kafin bala'i ne ya yi aiki. Jaruminku fa, daga ina ya samo nasa? Littafin ya faɗa, ko kuwa haka kawai aka wayi gari ya iya komai?

Abu ɗaya nake roƙon ku: kada kama kuskure ya zama burin aikin. Wani lokaci marubuci yana sane yake barin jarumi ya yi wauta, don mai karatu ya ji nauyin tsoro da ruɗewa. Ku tambayi kanku me wannan kuskure ya ƙara wa labarin kafin ku yanke hukunci.

Mataki na 4: Ku zana taswira da jerin kwanaki

A babbar takarda ku fitar da inda ya faro, inda ya sami ruwa, inda ya kwana, inda aka cece shi. Mutum yana cin kimanin kilomita 5 a awa a shimfiɗaɗɗiyar hanya, a cikin sarƙaƙiya kuwa ƙasa da haka sosai, don haka za ku iya ƙiyasta nisan da ya yi. A ƙasan taswirar ku ja layi na kwanaki, ku nuna yadda halinsa ke sauyawa: firgici, fushi, fid da rai, natsuwa.

Mataki na 5: Yanzu ne za a raba aiki

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma hannu biyar ma ba sa ɗauka in ba a san wa ke riƙe da wane gefe ba. Ɗaya ya ɗauki binciken gaskiya, ɗaya taswira, ɗaya tsamo hujjoji daga littafin da lambobin shafi, ɗaya haɗa rubutun, ɗaya kula da lokaci da kiran zama. A rubuta sunan kowa da aikinsa da ranar da zai kawo, kowa ya riƙe kwafi.

Kusan kowane rukuni yana da wanda ke noƙewa. Kafin a ce rago ne, a tambaye shi a keɓe. Sau da yawa karatun ne ke yi masa wuya yana jin kunyar faɗa, ko kuma wani mai baki ya mamaye zaman. A ba shi ƙaramin aiki tsayayye na kwana biyu. In ya kawo, a ƙara masa. In har bai kawo ba sau biyu, a sanar da malami tun da sauran lokaci, ba ana gobe gabatarwa ba.

Mataki na 6: Gabatarwa

Ku buɗe da tambayarku, ba da tarihin marubuci ba. Ku karanto gajeren sakin layi ɗaya daga wurin da jarumin ke tsaka mai wuya, ku dakata, ku tambayi aji: da ku ne, me za ku yi? Bari su ɗaga hannu, sannan ku faɗi abin da ya yi da abin da bincikenku ya nuna. Kuna iya kawo usur da ƙaramin madubi ku nuna yadda ake neman agaji, busa uku a jere alama ce da aka sani ta neman ceto. Amma kada a kunna wuta a aji, kada kuma wani ya ɗanɗana ganye ko 'ya'yan itace don gwaji.

Ku yi atisaye sau biyu da agogo a hannu. In an ba ku minti 10, ku tsara na minti 8, ragowar na tambayoyi ne. A atisaye na biyu kowa ya amsa tambaya a kan ɓangaren ɗan'uwansa, domin malamai kan tsallake mai taswira su tambayi wanda ke tsaye a bayansa. In tambayar ta shafi wani abu a littafin, buɗe ɗan littafin rubutunka ka faɗi shafin.