Yadda za ki karɓo kuɗin da kika ranta wa saurayi ta hanyar kotu

Mu ɗauka kin ba shi N400,000 ya ƙara jari a shagonsa na Sabon Garin Zariya, ya ce zai mayar bayan sallah. Soyayya ta watse, yanzu yana cewa ai kyauta kika yi masa. Wannan kuɗi haƙƙinki ne 'yar'uwa, kada kunya ta sa ki yafe abin da zuciyarki ba ta yafe ba.

Da farko ki ware rance daga toshi. Kuɗin kati, turare da tsarabar tafiya, duk ki bar su. Wadda ta haɗa su cikin lissafi ita ke raunana ƙararta.

Na biyu, kuma nan ne yawancin mata ke faɗuwa: alat na banki yana nuna kuɗi sun fita ne kawai, bai ce rance ba ne. Ki je banki ki karɓo bayanin asusunki mai hatimi, sannan ki nemo duk saƙon WhatsApp ko na murya inda ya ce "zan biya" ko "ki ƙara min haƙuri zuwa ƙarshen wata". Idan babu, ki tura masa saƙo cikin lumana ki ambaci adadin, ki tambaye shi ranar biya. In ya amsa cewa zai biya, wannan iƙirari ne. Kada ki share komai, kada ki sayar da wayar. Da ma aya ta 282 a Suratul Baƙara ta ce a rubuta bashi, sai dai mai so ba ya tuna takarda.

Na uku, a gwada sulhu. Yayanki ko kawunki ya same shi gaban mai unguwa. In ya amsa, a rubuta, ya sa hannu gaban maza biyu. Ban ba ki shawarar caji ofis ba, domin dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda bashi zalla.

In sulhu ya ƙi, ki tafi kotun shari'ar da ke yankin da yake zaune, ko Birni ne, ko Tudun Wada, ko Samaru. Ki faɗa wa magatakarda da'awarki, ki biya kuɗin shigar da ƙara, ki karɓi rasit, a kai masa sammaci.

Ranar zama ki ce "Allah ya gafarta malam", ki faɗi nawa ne, yaushe, a ina, gaban wa. Labarin yaudarar da ya yi miki ki bar shi a gida. Hujja kanki take, rantsuwa kuma kan wanda ya musa. A sha'anin dukiya ana son shaidu maza biyu, ko namiji ɗaya da mata biyu, kuma a mazhabar Malikiyya shaida ɗaya da rantsuwarki na iya wadatarwa. Ba a karɓar shaidar mahaifi ga 'yarsa, don haka ki nemi wasu tun da wuri.

Idan alƙali ya yanke biya kashi-kashi, ki roƙi ya riƙa biya ta hannun kotu. Ya saɓa wa'adi, ki koma ki nemi a zartar da hukunci.