Yadda Ake Sauke Dokin Tsere Bayan Ya Gama Gudu

Dokin tsere yakan gama aikinsa tun da sauran ƙuruciyarsa. Da yawa ana fara sa su a fili suna shekara 2 ko 3, kafin su kai 6 ko 7 an ajiye su, wani saboda rauni, wani don gudunsa ya ragu kawai. Alhali doki yana kai shekara 25, har 30 in ya samu kulawa. Ka ga ke nan shekarun da ke gabansa sun fi waɗanda ya ci yawa nesa ba kusa ba. Duk wanda ya tambaye ni yadda zai yi da irin wannan doki, amsata ɗaya ce: sauke shi ake yi daga rayuwar tsere sannu a hankali. Wanda ya sake shi a makiyaya rana ɗaya ya cuce shi, wanda ya ɗaura masa sirdi washegari shi ma ya cuce shi.

Kafin komai, ka kira likitan dabbobi ya duba shi, kuma ka nemi mai horar da shi ya faɗa maka gaskiyar abin da ya sa aka tsayar da shi. Ka tambayi magungunan da ake ba shi da alluran da aka yi masa a gaɓoɓi, domin akwai dokin da zai zo maka yana taku lafiya lau, sai maganin ya sake shi bayan 'yan makonni ɗingishi ya bayyana. Kai ma ka koyi shafa ƙafafunsa kowace safiya kafin ya motsa. Ka bi bayan ƙafar gaba da tafin hannunka daga gwiwa zuwa idon sawu, ka kwatanta dama da hagu. Jijiya mai lafiya za ka ji ta a miƙe, da tauri, da sanyi. In ka ji ɗumi ko ta yi tozo, ka dakata da komai. Raunin wannan jijiya yakan ci wata 9 zuwa shekara guda kafin ya warke, kuma ba ya son gaggawa ko kaɗan. Ka riƙe waɗannan ma a ka: zafin jikin doki mai lafiya tsakanin digiri 37.5 ne da 38.5 a ma'aunin Selsiyos, zuciyarsa kuma tana bugawa wajen sau 28 zuwa 44 a minti idan yana hutawa.

Sai ciki, wanda a ganina nan ne aka fi yin ɓarna. Dokin da ke tsere hatsi ake ɗura masa don ya samu ƙarfin gudu, ciyawa kuwa kaɗan. Shi kuma cikin doki ba ya daina fitar da ruwa mai tsami na narkar da abinci, ko ya ci ko bai ci ba, saboda an halicce shi ne ya wuni yana tsinkar ciyawa. Shi ya sa mafi yawan dawakin da ke cikin horon tsere suna ɗauke da gyambon ciki. Za ka gane alamarsa idan ka ga yana ci yana bari, gashinsa ya dushe, ko ya kwantar da kunne ya kawo cizo lokacin da kake jan majayi. Mutane sukan ce mugun hali ne. Sau da yawa ciwo ne, kuma likita yana da maganinsa.

Kada ka yanke masa hatsi rana ɗaya. Ka riƙa ragewa kaɗan-kaɗan cikin mako 2 ko fiye, kana ƙara busasshiyar ciyawa mai kyau, har ta zama ita ce abincinsa na asali. Ƙa'idar ita ce kashi 1.5 zuwa 2 cikin 100 na nauyin jikinsa a kullum, wato doki mai kilo 500 zai ci kilo 7.5 zuwa 10. Ruwa kuwa kada ya yanke a gabansa, don yana shan lita 25 zuwa 50 a rana, ya fi haka in ana zafi. Canjin abinci farat ɗaya shi ke kawo murɗar ciki, ɗanyar ciyawa mai yawa kuma tana iya kumbura masa cikin kofato har ya kasa tsayuwa. A watannin farko zai zube, naman cinyarsa ya saɓe, haƙarƙari ya ɗan fito. Kada hankalinka ya tashi ka koma tura masa hatsi. Jikin tsere ne ke sauka, wani zai maye gurbinsa. Ka dai sa a duba haƙoransa, a ba shi maganin tsutsar ciki.

Wannan doki ya saba wuni a barga, awa 22 ko fiye a ɗaki, ba ya fita sai don horo. In ka buɗe masa fili mai faɗi ran farko, abin da ya sani zai yi, ya zabura da gudu har ya faɗa wa shinge. Ka fara da jan sa da ragama ya yi kiwo a hannunka, sannan ƙaramin fili mai shingen da yake gani sosai, ba waya mai ƙaya ba, kana ƙara lokacin kullum. Daga baya ka haɗa shi da tsohon doki mai sanyin hali, su fara shinshinar juna ta kan shinge tukuna. Na taɓa tsayawa ina kallon wani da aka fitar, ya kafe a bakin ƙofa yana haniniya a mayar da shi ɗaki, ga ciyawa har gwiwa bai ko sunkuya ba. Sai da ya ga abokin zamansa ya kwanta yana birgima a ƙasa, ya zuba masa ido, ya kafta ƙasa da ƙafa, sannan shi ma ya durƙusa. Ingarma kuwa, in ba za a ajiye shi don barbara ba, dandaƙa ta fi masa sauƙin zama cikin 'yan'uwansa.

Takalman tsere marasa nauyi ne, a cire su, a sa masa na yau da kullum ko a bar shi haka in ƙasar mai laushi ce. Gyaran kofato duk mako 6 zuwa 8.

Bayan ya huta na wasu watanni, in likita ya yarda, sai sabon horo, kuma a nan ne mahayin da bai san dokin tsere ba yake shan mamaki. Ka ja linzami don ya tsaya, sai ya ƙara wuta. Ba taurin kai ba ne, haka aka koya masa: a fili mahayi yakan tattara linzami ya riƙe gam, dokin ya jingina bakinsa a kai ya miƙe da gudu, sassautawa kuma ita ce alamar an gama. Don haka ka koya masa tsayawa tun kana ƙasa, da murya da ragama. Idan ka hau, ka ɗan matsa ka saki, ka matsa ka saki, kada ka yi ja-in-ja da shi don ba za ka ci ba. Ƙara masa linzami mai tsanani ba ya magani, bakin kawai zai lalata.

Bai san tsayuwa a hau shi ba, domin a wurin tsere yana tafiya ake ɗaga mahayi a ɗora masa. Ka samu mai riƙe maka shi, ka sa ƙafa a likkafa ka cire, ka maimaita har abin ya gundure shi. Bai san dogayen ƙafafu a haƙarƙarinsa ba, tun da mahayin tsere a tsugune yake kan gajeriyar likkafa, nauyinsa bai cika wuce kilo 55 ba. Sirdinka zai yi masa nauyi, ka tabbata ya zauna daidai bayansa, kuma ka sake aunawa bayan 'yan watanni tun da jikin yana sauyawa. Dokin da ya yi tsere a Amurka hagu kawai ya saba kewayawa, saboda haka juyin dama zai yi masa wuya da farko. Tafiya da sassarfa sun ishe ku na tsawon lokaci. Kada ka kuskura ka jera shi da wani doki a fili miƙaƙƙe, kada kuma ka bi da shi inda ake taro da lasifika, don a wurinsa an buga ƙararrawar fara tsere ke nan.

Akwai wanda ba zai sake hawuwa ba har abada. Wannan sai ya zauna abokin kiwo, ana gyara masa kofato ana duba shi kamar kowa. In kuwa ciwon ya kai ga ba ya iya kwanciya ya tashi, ku zauna da likita ku yanke shawarar kashe shi cikin sauƙi don a hutar da shi, kada a sayar da shi don a huta da ɗawainiya.

Sayarwar nan ita ce inda dawaki ke ɓacewa. Wani doki mai suna Ferdinand ya ci gasar tsere ta Kentucky Derby a Amurka a 1986, daga baya aka sayar da shi Japan don barbara, kuma rahotanni sun nuna a mayanka ya ƙare a 2002. Labarinsa na cikin abin da ya tayar da mutane, a 2003 aka buɗe gidan tsofaffin dawaki na Old Friends a jihar Kentucky. Birtaniya tana da ƙungiyar sake horar da dawakin tsere mai suna Retraining of Racehorses tun 2000, a Amurka kuma an kafa ƙungiyar Thoroughbred Aftercare Alliance a 2012 don tantance gidajen da ke karɓar irin waɗannan dawaki. In za ka miƙa naka ga wani, ka je da ƙafarka ka ga inda zai zauna, ka duba jikin sauran dabbobin gidan. Ka rubuta lambar 'yar na'urar shaida da aka dasa masa a wuya, ka ba da takardunsa da tarihin ciwonsa ba ɓoye-ɓoye, kuma ku sa hannu a yarjejeniya cewa ba za a mayar da shi tsere ba, ba kuma za a sayar da shi ba sai an fara tuntuɓarka.