Yadda Ake Ba da Aikin Babbar Riga Irin ta Zamanin Da

Masu shirya fina-finan tarihi da wasannin kwaikwayo, da mahaya hawan salla, da makarantun da ke bikin ranar al'adu, duk sukan buƙaci tufafin da suka dace da zamanin da suke son nunawa. Abin takaici shi ne sau da yawa akan ga an naɗa wa mutum rawani an ce shi ne hakimi na zamanin Daular Usmaniyya, alhali kuwa shadda ce mai ƙyalli a jikinsa, aikin wuyanta kuma na inji ne. Masu sana'ar da za su iya fitar da riga ta gaskiya suna nan da ransu a Kano da Zariya da Bida, sai dai samun aiki mai kyau daga hannunsu yana buƙatar mai saye ya san abin da yake nema, ya kuma bi hanyar da sana'ar take bi.

Kafin ka je wurin kowa, ka tsayar da zamani da wuri da matsayin wanda zai sa rigar, domin tufafin malami a Sakkwato bayan jihadin 1804 ba ɗaya suke da na attajirin Kano a jajibirin zuwan Turawa a 1903 ba. Ka ziyarci Gidan Makama a Kano ka ga tsofaffin kaya da idonka, ka kuma duba hotunan rigunan Hausawa da na Nufawa da gidan tarihin Birtaniya da ke Landan ya sanya a intanet. Hoto ya fi dogon bayani amfani a wurin mai sana'a, saboda haka ka buga na gaba da na baya da na aljihu, ka tafi da su.

Sai batun ƙyalle, wanda a nan ne aka fi yin kuskure. Babbar riga ta ƙarni na 19 ana haɗa ta ne daga saƙar hannu mai siririn faɗi, wadda maza ke saƙawa, a jera layi bayan layi a ɗinke su gefe da gefe, kuma waɗannan layukan ɗinkin su ne ke ba rigar nauyi da irin faɗuwar da take yi a kafaɗa. Idan saki kake so, wato mai ɗigo-ɗigon shuɗi da fari kamar jikin zabo, to zaren ake fara rinawa sannan a saƙa. Idan kuwa kore ce, wato baƙar riga mai sheƙi, fara ake saƙawa, sannan a kai ta marina a tsoma ta sau da yawa har ta yi duhu, daga nan a miƙa ta ga mabuga su buge ta da shuni har ta riƙa sheƙi. Ka tambayi masaƙi ko zarensa kaɗin hannu ne ko na kamfani. Na kamfani ya fi araha, ya fi sauƙin samu, kuma ya wadatar idan daga nesa za a kalli rigar, amma idan kyamara za ta matso kusa, to bambancin ba ya ɓoyuwa.

A marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa an kafa ta tun 1498, har yanzu ana rini da baba da toka a cikin rami, kuma garin Kura ya daɗe da shahara wajen baƙin yadi mai sheƙi da Buzaye ke naɗawa, shi ya sa ake kiran irin wannan rawani ɗan Kura. Tun 1851 matafiyi Heinrich Barth ya ga yadda kayan saƙa da rini na Kano suke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Duk da haka ka yi tambaya a fili ko rinin baba za a yi maka ko na garin kanti, domin shuɗin kamfani ya shiga kasuwar duniya tun 1897, kuma masu rini da dama suna aiki da shi saboda ya fi sauri. Wannan ba laifi ba ne muddin an gaya maka gaskiya, farashin kuma ya dace da abin da aka yi.

Aikin wuya da aljihu shi ne ran rigar, kuma shi ne ya fi cin lokaci. A al'ada wani ne ke zana fasalin da alƙalami a kan ƙyallen, sau da yawa malami ne, sannan mai ɗinkin hannu ya bi zanen da allura. Ka ambaci sunan abin da kake so: aska biyu ko aska takwas, wato zane mai tsini kamar aska, da tambari, wato zane mai siffar da'ira, a ƙirji da baya. Zaren da ya dace da tsohon zamani shi ne na auduga ko na tsamiya, wato silikin gida mai launin ƙasa-ƙasa, shafin bakin rigar kuma a da akan yi shi da alharini, wato jan siliki wanda fatake ke kawowa ta Sahara. Birnin Zariya ya yi suna a wannan aiki, kuma mata da yawa a cikin gidajensu suna cikin masu yin sa. Aska takwas ta hannu takan ɗauki watanni, saboda haka wanda ya zo saura mako uku salla yana neman ta, ko dai ya sayi wadda aka riga aka gama, ko kuma ya haƙura sai baɗi.

Game da ciniki, ka tuna cewa riga ɗaya takan bi ta hannun masaƙi da marini da mabugi da maɗinki da mai zane da mai aikin allura, kowannensu kuma da ita yake ciyar da iyalinsa. Idan ba ka san gari ba, ka nemi dillali amintacce wanda zai haɗa maka su, ku yanke la'adarsa tun farko. Ka ba da kafin alƙalami da zai isa sayen zare da kayan rini, domin jarin yawancinsu ƙarami ne, sannan ku rubuta awo da launi da ranar karɓa, a raba sauran kuɗin bisa matakan aikin. Ka roƙi a nuna maka ɗan samfurin saƙa da na rini kafin a ci gaba, tunda gyara bayan an gama yana da wuya ƙwarai. A ganina matsa wa irin waɗannan mutane da tayi mai ƙasƙanci shi ne babban abin da ke sa 'ya'yansu barin sana'ar, alhali hawan sallar Kano da hukumar UNESCO ta sanya cikin al'adun duniya a 2024 ba zai yi armashi ba in babu aikin hannunsu. Idan fim ne ko wasa, ka sa sunayensu cikin jerin waɗanda suka yi aiki, in sun yarda.

Rigar ba ta cika sai da wando mai faɗi irin buje, da hula haɓar kada ko dara, da takalmin fata daga wurin dukawa. Bayan an yi amfani da ita, kada a jefa kore cikin ruwa da sabulu, domin sheƙinta zai tafi, kuma shuninta yana zuba a kan fararen kaya. A shanya ta a inuwa ta sha iska, a ninke ta ita kaɗai cikin tsohon ƙyalle, a ajiye ta a wurin da babu danshi ko gara, in ta dushe kuma a mayar da ita wurin mabuga.