Kurakuran da aka fi yi wajen auna kitse, tsoka da ruwan jikin manya

Duk sabon ma'aikacin da aka turo ya koyi awon jiki, inda na gabansa ya yi tuntuɓe nan shi ma yake yi. Na gaji da maimaita magana ɗaya a bakin gadon majinyata, shi ya sa na ce bari in rubuta. Ba ƙa'idar wata hukuma zan jero ba, yadda nake aikina ne, sai inda na ambaci sunan hukumar.

Babban kuskuren shi ne gaskata na'urar BIA ido rufe. Ita ce wadda ake takawa kamar sikeli, ko a liƙa wa mutum wayoyinta a hannu da ƙafa, ta fito da takarda mai cewa kitsenka kashi kaza ne, tsokarka kilo kaza. Jama'a, wannan na'ura ba ta ganin kitse. 'Yar wutar lantarki take turawa cikin jiki, wadda ba a ma jin ta, galibi a kan kilohaz 50, sai ta auna yadda jikin ya tare wutar. Ruwa mai gishiri yana barin wuta ta wuce, kitse kuwa yana tare ta. Daga nan sai lissafi: ta ƙiyasta ruwan jiki, ta ɗauka cewa kashi 73 cikin ɗari na duk abin da ba kitse ba ruwa ne, ta fitar da tsoka, ragowar ta ce kitse ne. Wato ƙiyasi ne a kan ƙiyasi. Ga lafiyayyen matashi wannan zato yana kusa da gaskiya. Ga mai ciwon zuciya da ƙafafunsa suka kumbura, ko mai ciwon ƙoda, ko wanda aka kwana ana yi wa ƙarin ruwa, zaton ya rushe tun daga tushe, amma na'urar ba za ta faɗa maka ba. Takarda za ta ba ka fes, har da ɗigo da lamba a bayansa.

Wannan ya taɓa jawo mana asarar da har yau ina jin zafinta. Wani dattijo ne mai ciwon zuciya, ana ba shi ƙarin abinci mai gina jiki saboda ya rame. Wani yaro da ke koyon aiki ya ɗora shi kan na'urar takawa, ya rubuta a fayil cewa tsoka ta ƙaru da kilo uku, yana ta murna. Likita ya ga rubutun ya rage ƙarin abincin. Da na je na duba bawan Allahn nan, gefen goshinsa ya lotsa, ƙashin wuyansa ya fito, damtsensa kuwa yatsuna biyu sun kusa zagaye shi. Na danna ƙwaurinsa da babban yatsa, ramin ya zauna bai tashi ba. Ruwa ne zalla aka rubuta da sunan tsoka. Da aka ƙara masa maganin sa fitsari, kilo ukun nan suka bi fitsari suka tafi, aka bar mu da mutumin da ya fi da ramewa, ga makonni sun wuce a banza. Na ce wa yaron, "Kai, ka taɓa ganin tsoho yana kwance a gado ya yi tsokar kilo uku? Da wane aikin ƙarfin?" Bai ce komai ba.

Tun daga nan ba na barin kowa ya kunna na'urar sai ya danna ƙwauri da idon sawu tukuna, ya kuma tambaya: an yi ƙarin ruwa? Ana shan maganin fitsari? Yaushe aka yi wankin ƙoda? Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce a sikeli. Mai wankin ƙoda bayan an gama wankin nake auna shi. Mai ciwon hanta da ruwa ya taru masa a ciki kuwa, ƙungiyar likitocin hanta ta Turai ta ba da shawarar a rage kashi 5, ko 10, ko 15 cikin ɗari na nauyinsa gwargwadon yawan ruwan, a ƙara rage kashi 5 idan ƙafafu biyu sun kumbura. A nan ma BIA ba ta da wani abin kirki da za ta ce, domin gangar jiki, duk da ta kusa rabin nauyin mutum, kaɗan ce ƙwarai take tare wutar. Hannu da ƙafa na'urar ta fi ji.

Ko lafiyayye ne, sai an kiyaye sharuɗɗa. Ni da safe nake awo, kafin karin kumallo, bayan an yi fitsari, ba a motsa jiki ba. Idan na kwance ne, mutum ya yi minti biyar zuwa goma a miƙe, cinyoyi ba sa taɓa juna, hannuwa ba sa taɓa haƙarƙari. Mai batirin zuciya ba na ɗora shi sam. Wanda ya auna mutum yau da safe, wata mai zuwa da la'asar bayan ya ci ya sha, sannan ya kwatanta lambobin biyu, ya ɓata lokacinsa da na majinyacin.

Na biyu da ke ba ni haushi shi ne tsawon tsofaffi. Sai ka ga an tambayi dattijo, "Baba, tsawonka nawa ne?" ya faɗi abin da aka auna masa yana saurayi. Ko kuma a jingina shi da bango alhali bayansa ya ranƙwafa, a rubuta abin da aka gani. Tsufa yana rage tsawo, gadon baya yana matsewa, kuma lissafin BMI nauyi ne a raba da tsawo sau tsawo, don haka ɗan kuskure yana ninkuwa. Ɗauki mai kilo 58. Idan ainihin tsawonsa mita 1.65 ne, BMI ɗinsa 21.3. Aka auna shi a ranƙwafe aka samu 1.58, ya koma 23.2. Ma'aunin GLIM na gano tamowa, wanda aka fitar a 2018, ya ce ƙasa da 22 ga mai shekara 70 zuwa sama abin dubawa ne. Kun ga da santimita bakwai an tsallakar da shi daga mai buƙatar kulawa zuwa lafiyayye. Ni daga diddige zuwa saman gwiwa nake aunawa, gwiwar a lanƙwashe, in sa a lissafin da Chumlea da abokan aikinsa suka fitar a 1985. In ƙafar ba ta aunuwa, sai in koma ga ƙashin hannu, daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu.

Shi kansa BMI ɗin an ɗora masa kayan da ba nasa ba. Adolphe Quetelet ɗan Beljiyam da ya fara wannan lissafi a ƙarni na 19 masanin ƙididdiga ne, kuma da Ancel Keys, masani ɗan Amurka, ya raɗa wa lissafin suna a 1972, don nazarin taron jama'a ya ga amfaninsa. BMI bai san tsoka ba, bai san kitse ba. Tsohuwa tana iya shekara goma nauyinta bai motsa ba, alhali tsoka ta zube kitse ya maye gurbinta. Ga tsofaffi na fi yarda da ƙarfin damƙa. Ƙwararrun Turai kan zubewar tsoka, a bitar da suka yi a 2018, sun sa iyaka a ƙasa da kilo 27 ga namiji, ƙasa da 16 ga mace. In babu abin auna damƙa, akwai kujera: ya tashi ya zauna sau biyar ba dafawa, in ya wuce daƙiƙa 15 ƙafafun sun yi rauni. Sharaɓa kuma in kaurinta ya gaza santimita 31 alama ce ta zubewar tsoka, muddin ba kumburi.

Sauran ƙanana ne, amma suna taruwa. Awon ƙugu ba a kan cibiya ake yi ba don kawai ita ce ido ya fara gani. Hukumar Lafiya ta Duniya tsakiyar tazarar da ke tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu ta ce, bayan mutum ya saki numfashi. Kada a ja tef har ya nutse cikin fata. A cire takalmi da kaya masu nauyi, sikelin kuma a ajiye shi a kan daɓe mai tauri.

Na'urar matse fata, wadda ke auna kitsen da ke ƙarƙashin fata, tana son hannu ɗaya. Mutum biyu su matse wuri ɗaya, lamba biyu za a samu, don haka wanda ya fara da majinyaci shi zai ci gaba da shi. Lissafin wurare huɗu da aka fi amfani da shi, na Durnin da Womersley, a 1974 aka fitar da shi daga mutanen Sikotland 'yan shekara 16 zuwa 72. Ɗora shi kan mai shekara 85 da fatarsa ta saki, sai dai a yi don cika takarda.

DXA, na'urar hoto ta X-ray wadda ke raba jiki gida uku, ƙashi da kitse da nama, ta fi waɗannan duka daidaito, haskenta ma bai kai na hoton ƙirji ba. Amma ita ma ruwan kumburi a cikin nama take lissafa shi, kuma sakamakon na'urar kamfanin Hologic ba lallai ya zo ɗaya da na kamfanin GE ba, don haka ba a fara bibiya da ɗaya a ƙare da ɗaya. Mai ciwon daji kuwa da aka riga aka yi masa hoton CT na ciki, kafin a sake wahalar da shi a roƙi sashen hoto su auna tsokar da ke daidai gaɓa ta uku ta ƙashin baya na wajen ƙugu (L3) daga hoton da ke hannu. Kuma duk lambar da za ta shiga fayil, ina so in ga an rubuta a gefenta ƙarfe nawa aka auna, da wace na'ura, wa ya auna, da kumburi ko babu. In babu waɗannan huɗun, ba na sa hannu.