Kurakuran da ake yi wajen sauya wa keken hawan dutse aksil

Na gaji da ganin mutum ya zuba kuɗi ya sayo aksil, wato sandar da ke riƙe taya a jikin keke, mai ratsa hob (cibiyar taya), irin mai hannun matsewa, ya zo ya tarar babu inda zai shiga. Firam da fok, wato ƙarfen da ke riƙe tayar gaba, su ne ke faɗin irin aksil ɗin da kekenka zai ɗauka. In bakin fok ɗinka a buɗe yake, na siririn tsinken nan mai milimita 5, to mai milimita 15 ba zai zauna ba. Ko dai ka sauya fok ɗin ɗungurungum, ko ka nemi aksil ɗin RWS na kamfanin DT Swiss mai milimita 9 a gaba da 10 a baya, wanda dama don buɗaɗɗen baki aka yi shi. Kada ka kuskura ka goge bakin don ka faɗaɗa shi, nan ne ke riƙe da ƙafar gaba a gangare.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne zare. Aksil ɗin baya masu ɗauruwa da zare a firam galibi kaurinsu milimita 12 ne, amma zaren ba ɗaya ba: na Syntace X-12 tazarar zarensa milimita 1.0, na Shimano E-Thru 1.5, Maxle na RockShox 1.75. Wani matashi ya taɓa kawo mini firam na alminiyam, ya cusa 1.75 a ramin 1.5, da ya ji tauri sai ya ƙara ƙarfi. Da na zaro aksil ɗin, ga ɓurɓushin alminiyam nan manne da giris, zaren firam ya cinye ƙurmus. Haba malam! Ƙarfe yana ce maka a'a kana dannawa? Ni da yatsu biyu nake fara juyawa. In bai tafi salin-alin ba, na tsaya, na karanta lambobin da ke jikin tsohon aksil, na gwada tsawonsu gefe da gefe.

Sai faɗin hob. Baya akwai milimita 142 akwai 148 na Boost, wato ma'aunin da ya fi faɗi, gaba akwai 100 akwai 110. Ka cike giɓin da washa kawai, faifan birki zai kauce daga muhallinsa ya yi ta guga.

Hob ɗin Hope da DT Swiss galibi murfin gefe kawai ake sauyawa su ɗauki wani aksil, na Shimano mai sakakken boris kuwa yawanci ba ya sauyuwa, ka tambaya kafin ka biya. Ka shafa giris kaɗan a zare. Hannun matsewar kuma ni sai ya bar shaida a tafin hannuna nake yarda ya rufu, kuma baya nake fuskantar da shi, kada reshe ya ɓalle shi a daji.