Idan majinyaci ya cika a hannunka kana ɗalibin aikin agajin gaggawa

Ba kai ne za ka ce ya rasu ba. Tabbatar da mutuwa aikin likita ne, ko babban ma'aikacin da ƙa'idar wurinku ta ba shi wannan iko. Kai dai ci gaba da danna ƙirji, sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, dannawa 30 hurawa 2, har oga ya ce a tsaya. Dubi agogo ka rubuta lokacin, tare da lokacin da kira ya shigo, da na isarku, da na fara dannawa, da duk maganin da aka yi masa. Rubuta nan take. Bayan awa biyu za ka ga mintuna sun cakuɗe maka, kuma a wannan cakuɗewar zargin kai ke samun gindin zama.

Bayan an tabbatar ya rasu, rufe masa ido, daidaita haɓarsa, ka lulluɓe shi. Idan hatsarin mota ne ko akwai alamar laifi, kada ka cire robar numfashi da aka zura masa a makogwaro ko allurar jijiya sai an ba da izini, don 'yan sanda na iya buƙatar ganin gawar yadda take. Sanar da dangi ma na babba ne. Tsaya a gefensa ka koya: a zaunar da su, a ce "Allah ya yi masa rasuwa" kai tsaye, ban da kewaye-kewaye irin su "jikin ya yi tsanani". Idan suka tambaye ka, "Baba, mun yi iya ƙoƙarinmu, Allah ya jiƙansa" ya wadatar. Kada ka shiga hasashen abin da ya kashe shi.

Hannu zai yi karkarwa, baki ya bushe, wani har amai. Sinadarin firgita ne ke sauka daga jiki, ba ragwanci ba ne. Cire safar hannu, wanke hannu, sha ruwa, zauna minti 10. Kada ka karɓi tuƙi a wannan hali.

Kafin a tashi aiki, nemi oga ku duba takardar da ka rubuta tare, ko da a bayan mota ne. Me aka tarar, me aka yi, me ya makara, wane kaya ne babu. A nan mutanenmu ke yawan kuskure: da an ce "kwana ne ya ƙare" sai a rufe magana. Gaskiya ne ajali ba ya jira, amma yarda da ƙaddara ba ta hana a tambayi dalilin da tukunyar oksijin ta zo rabi. Ɗalibin da aka sallama da "yi haƙuri" kawai, shi zai kwana yana yi wa kansa shari'a ba alƙali. Ka kuma riƙe wannan: ƙwaƙwalwa kan fara lalacewa minti 4 zuwa 6 bayan zuciya ta tsaya, kuma ko a Amurka da Ingila kusan mutum 1 cikin 10 ne ke tsira idan ta tsaya a wajen asibiti.

Rashin barci, mafarkin wurin, ƙin abinci, faɗuwar gaba da jin jiniya, duk an saba ganinsu a kwanakin farko, kuma yawanci suna lafawa cikin 'yan makonni. Yi magana da wanda ka amince da shi, amma ba dole ba ne ka zayyana komai a gaban taro. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyon bayan zaman tilasta wa mutum amayar da abin da ya gani. Ba ta kuma goyon bayan shan ƙwayoyi irin su diyazefam saboda wannan firgici. Taramol da kodin kuwa, kada ma ka kusance su. Hoton mamaci ko labarinsa a WhatsApp cin amana ne, kuma zai iya raba ka da aikin.

Idan wata guda ya wuce abin bai ragu ba, ko ka fara zille wa fita aiki, ga likitan ƙwaƙwalwa. Akwai asibitocin tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. Idan tunanin kashe kai ya zo, kada ka jira wata guda ya cika, faɗa wa wani a ranar.